Yadda Za Ka San Ko "To Do" Ko "Doing" Ne Zai Bi Phrasal Verb a Turanci

Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da ma'aikatan da ke rubuta wasiƙun ofis, sun sha kawo min tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Me ya sa *I want to see you* daidai ne, amma da an rubuta *I look forward to see you* sai malami ya bi ta kai da jan biro? Ba *to* ce a nan, *to* ce a can ba? Wasu kuma sun haddace dogon jerin irin waɗannan kalmomi, amma da an ce su gina jimla sai su tsaya cak, sun rasa abin da za su sa a gaba.

Ba ƙarancin hadda ba ne. Jerin da ake raba wa ɗalibai ma'ana kawai yake bayarwa: *give up* daina, *put off* ɗagewa. Ba ya faɗin abin da ke biyo baya, kuma a nan ne maki ke zubewa.

Kalmomi biyu za mu yi ta amfani da su. Abin da malaman Turanci ke kira phrasal verb shi ne aikatau mai ɗan rakiya, wato aikatau da wata 'yar kalma irin *up, off, on, out*, waɗanda idan sun haɗu sai su ba da sabuwar ma'ana. Infinitive kuwa shi ne *to* da aikatau tsura, babu *-s*, babu *-ed*, babu *-ing*, kamar *to go, to eat*. A bi matakan a jere, domin kowanne a kan na bayansa yake zaune.

## 1. Tanadi kayan aiki

Abu uku kake buƙata: ƙamus na masu koyon Turanci, littafin rubutu da ka ware wa wannan aiki kaɗai, da biro kala biyu, baƙi da ja.

Ƙamus ɗin shi ne babba. Nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary, ko na Cambridge, ko na Longman. Duka ukun suna da shafi a intanet da ake dubawa kyauta, data kawai za ka kashe, kuma ba ta da yawa tunda rubutu ne. Bugaggen yana da tsada, amma tsohon bugu na hannu ya wadatar, waɗannan ƙa'idoji ba sa sauyawa daga bugu zuwa bugu.

Koyi karanta alamominsu tun yau. *sb* na nufin mutum, *sth* na nufin abu. Idan ka ga *set out to do sth*, ƙamus ya riga ya ba ka amsa. A Oxford da Longman za ka ga kibiya mai kai biyu, kamar a *turn sth ↔ off*, tana nuna ana iya raba kalmomin biyu. Cambridge kuma yana rubuta *+ to infinitive* ko *+ -ing verb* a gefen misali.

Hattara: ƙaramin ƙamus na aljihu da manhajar fassara ta waya ba za su yi maka wannan aiki ba. Ma'ana suke bayarwa, ba sa nuna ginin jimla.

## 2. Gano inda aikatau ya ƙare

Kafin ka tambayi abin da zai biyo baya, ka san iyakar abin da ke hannunka. Wani aikatau kalma biyu ne, kamar *set out* da *turn out*. Wani uku ne, kuma *to* tana cikin jikinsa, kamar *look forward to* da *get round to*. Dubi waɗannan:

*He looked up to his teacher.*
*He looked up to see the plane.*

A ta farko aikatau shi ne *look up to* gaba ɗaya, ma'ana yana ganin girman malaminsa. A ta biyu *look up* ne kawai, ya ɗaga kai, sannan *to see* ta zo da dalilin ɗaga kan. Kalmomi uku iri ɗaya a jere, gini biyu daban. Idan ka rubuta sabon aikatau a littafinka, rubuta shi yadda ƙamus ya kawo shi, har da jelarsa.

## 3. Yi wa "to" gwajin suna

Wannan shi ne zuciyar darasin, don haka zan daɗe a kansa.

*To* biyu ce a Turanci, kamar Hassana da Usaina ranar da suka yi anko: ido ba ya raba su, sai an yi musu magana. Ɗaya ita ce ta infinitive, wadda aikatau tsura ke bi. Ɗayar kuwa 'yar'uwar *in, on, at, from* ce, irin wadda ke cikin *I went to Kano*. Wannan ta biyun suna take buƙata a gabanta, kuma idan aikatau ne ya zo, dole ya sa *-ing* don ya tsaya a matsayin suna.

Ga gwajin. Cire aikatau ɗin da kake shakka a kansa, ka sa suna ko *it* a gurbinsa. Idan jimla ta zauna kuma ma'anar farko ba ta gushe ba, to *-ing* za ka yi amfani da shi.

*I look forward to Sallah.* Ta zauna. *I look forward to it.* Ta zauna. Saboda haka: *I look forward to seeing you.*

*I want to Sallah.* Ba ta zauna ba. *I want to it.* Babu wannan a Turanci. Saboda haka: *I want to see you.*

Waɗanda suka fi yawo a jarrabawa da wasiƙu daga wannan gida su ne:

- *get round to*: samun sukunin yin abin da aka daɗe ana ɗagawa. *I finally got round to repairing the door.*
- *get down to*: duƙufa. *Let's get down to writing.*
- *own up to*: amsa laifi. *He owned up to taking the money.*
- *feel up to*: jin ƙarfin yin abu. *She doesn't feel up to travelling.*
- *face up to*: fuskantar gaskiya mai ɗaci. *He must face up to losing the farm.*

Gwajin yana aiki har a wajen phrasal verb: *object to paying, committed to helping, with a view to buying*. Shi ne kuma ke raba *I used to walk*, wato a da ina tafiya a ƙasa, da *I am used to walking*, wato na saba. Za ka iya cewa *I am used to the heat*, shi ya sa *-ing* ya shigo.

Hattara: guda uku suna yaudarar wannan gwaji, *go on to, come to* da *get to*. Ana cewa *Let's go on to the next topic*, ana cewa *He came to Zaria*, ana cewa *We got to the station*. Sai ɗalibi ya ce ai suna ya zauna, bari in sa *-ing*. A'a. A waɗannan jimloli maganar isa wani wuri ake yi. Idan ma'anar ta koma "daga baya ya yi", ko "a hankali ya fahimta", ko "ya samu damar", infinitive ne: *went on to win, came to understand, got to meet the Emir*. Shi ya sa na ce sai ma'anar farko ba ta gushe ba.

## 4. Idan babu "to", fara zaton "-ing"

Mafi yawan phrasal verbs, idan wani aikatau ya biyo su kai tsaye, *-ing* yake ɗauka.

*He gave up smoking.*
*She put off paying the rent.*
*They kept on talking.*
*We carried on working.*
*He ended up selling the car.*
*She took up sewing.*

A nan kunnenka na Hausa zai taimake ka fiye da yadda kake tsammani. Muna cewa "ya daina shan taba", ba ma cewa "ya daina ya sha taba". Muna cewa "ta ɗage biyan kuɗin haya", "sun ci gaba da magana", "ya ƙare da sayar da motar". Sha ya koma shan, biya ya koma biyan, aiki ya zama suna. Abin da *-ing* ke yi ke nan a waɗannan jimloli.

Hattara: kada ka mai da wannan kamanceceniya doka. "Ya ƙi zuwa" a Turanci *He refused to come* ne. Hausa za ta taimaka maka ka tuna, amma ƙamus ne zai yanke hukunci.

Kuskuren da na fi gani a wannan mataki shi ne *end up to*. *He ended up to be a driver* ba daidai ba ne. Ko ka ce *ended up being a driver*, ko *ended up as a driver*.

## 5. Haddace 'yan tsirarun da ke ɗaukar infinitive

Waɗannan ba su da yawa, shi ya sa su ne suka cancanci hadda. Na fi son a riƙe su bibbiyu, kowanne da abokin da ake rikita shi da shi.

*Turn out to be* da *end up being*. Na farko yana nufin gaskiya ta bayyana daga baya: *The visitor turned out to be my father's friend.* Ashe baƙon abokin mahaifina ne, dama can haka yake, mu ne ba mu sani ba. Na biyu sakamako ne bayan wasu abubuwa sun faru: *He ended up being our driver.* Idan kana iya sa "ashe" a Hausar jimlar, *turn out* ne. Yana kuma karɓar *that*: *It turned out that he was right.*

*Set out to do* da *set about doing*. *She set out to build a school*, ta ɗaura niyyar gina makaranta. *She set about building a school*, ta kama aikin gadan-gadan. Aikatau ɗaya, ɗan rakiya ya sauya, gini ya sauya. Masu shirya tambayoyin cike gurbi suna son wannan.

*Go on to do* da *go on doing*. Wannan ne ya fi muhimmanci, domin duka biyun daidai ne, ma'ana ce ta bambanta. *Go on doing* ci gaba ne da abin da ake kai: *He went on teaching*, bai daina koyarwa ba. *Go on to do* gama wani abu ne a shiga wani sabo:

*Abubakar Tafawa Balewa started out as a teacher and went on to become Prime Minister in 1957.*
*Ahmed Musa played for Kano Pillars and went on to join Leicester City in 2016.*

Da za ka rubuta *went on becoming Prime Minister*, ka ce kenan ya yi ta zama Firayim Minista ba ƙaƙƙautawa, abin da ba shi da ma'ana. Duk mai rubuta tarihin rayuwar wani, ko takardar neman gurbin karatu, zai buƙaci wannan gini sau da yawa.

Ƙara *grow up to be* a jerin: *She grew up to be a doctor.*

Hattara: za ka ci karo da *went ahead to say* a rubuce-rubucen Turancin Najeriya. Mutane sun gane abin da ake nufi, amma a jarrabawa ka zaɓi *went on to say* idan ƙari ya yi a kan maganarsa, ko *went ahead and said* idan ya yi ne duk da an so ya dakata.

## 6. Lura da mutumin da ke tsakiya

Akwai gini na uku: aikatau, ɗan rakiya, mutum, sannan infinitive. Masu karanta jaridun Turanci suna ganinsa kullum.

*The governor called on traders to reduce prices.*
*You can count on Amina to finish the work.*
*We rely on farmers to feed the city.*
*They appealed to the youth to stay calm.*
*I waited for him to come.*

Wanda ke tsakiyar shi ne zai yi aikin, ba mai maganar ba. Daidai yake da "ya yi kira ga 'yan kasuwa da su rage farashi". Idan wakilin suna ne, *him, her, them, us* ake sawa, ba *he, she, they, we* ba.

Biyu sun fita daga wannan layi saboda ɗan rakiyarsu ne ke zuwa a ƙarshe, dab da aikatau na biyu: *She talked him into buying the land*, ta lallashe shi ya saya, da *She talked him out of buying the land*, ta lallashe shi ya fasa. *Into* da *of* suna buƙatar suna, don haka *-ing*.

Hattara: kada ka jefar da *for* a *wait for*. Mu a Hausa "na jira shi" muke cewa kai tsaye, shi ya sa hannu ke saurin rubuta *I waited him to come*. Haka *count him to finish* ba tare da *on* ba.

## 7. Ware "to" ta dalili

Bayan mataki na 4, ɗalibi mai lura yakan kawo min jimla irin *He sat down to eat* ya ce ga *down*, ga kuma infinitive, ina dokar? Dokar tana nan. Wannan *to eat* ba ta cikin ginin *sit down*. Jimla ta riga ta cika a *He sat down*, sauran amsar "don me?" ce. Kusan kowane aikatau yana iya ɗaukar irin wannan ƙari.

*She got up to pray.*
*The driver pulled over to answer the phone.*
*He came back to collect his change.*

Gwajinta mai sauƙi ne: sa *in order to* a gurbin *to*, ko ka ji ko "don" ta shiga a Hausa. Ta tashi don ta yi salla. Jimla ta zauna. Gwada da *turned out to be*: babu "don" a wurin.

Yanzu dubi yadda aikatau ɗaya ke ɗaukar duka biyun. *He gave up driving* ya daina tuƙi. *He gave up his job to look after his mother* ya bar aikinsa don ya kula da mahaifiyarsa. Wannan shi ne bambancin *He stopped eating*, ya daina ci, da *He stopped to eat*, ya tsaya don ya ci.

Hattara: idan dalilin na hani ne, *not to* kaɗai ba ta cika zama ba. Rubuta *He got up early so as not to miss the bus*, ko *in order not to*. Kuma *for buy* da *for to buy* ba su da gurbi, *He went out to buy bread* ake cewa.

## 8. Idan phrasal verb ɗin ne a cikin infinitive

Yanzu an juya. *To* ce a gaba, phrasal verb a bayanta: *I want to turn off the fan.* Abu uku za ka duba.

Na farko, aikatau ya zauna tsura ko da labarin ya wuce. *He refused to pick up the phone*, ba *to picked up* ba. *Refused* ta riga ta ɗauki lokaci.

Na biyu, wurin zaman karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. Idan ƙamus ya nuna kibiyar nan mai kai biyu, suna yana iya zama a tsakiya ko a ƙarshe: *to turn off the fan, to turn the fan off*. Wakilin suna kuwa tsakiya kaɗai: *to turn it off*. Babu *to turn off it*. Da yawa daga waɗanda ba su da kibiya ba a raba su ko kaɗan: *to look after him, to put up with it*. Idan karɓau dogo ne, bar shi a ƙarshe don kada ɗan rakiya ya yi nisa da aikatau: *to turn off all the lights in the main hall*.

Na uku, kada ɗan rakiya ya kori aikatau. A baki muna jin *off the light* da *on the generator* kowace rana. A rubutu *off* da *on* ba aikatau ba ne: *Remember to switch off the light.*

Hattara: *make* da *let* ba sa son *to*, *allow* da *enable* kuwa ba sa yi sai da ita. *The doctor made him give up sugar. Let me find out. Allow me to find out. This will enable us to carry out the work.* Masu rubuta wasiƙar neman izini a ofis sukan juya su, su rubuta *to enable me attend* da *made him to go*, duka biyun kuskure ne. Wuri ɗaya *make* ke karɓar *to*, shi ne idan an juya jimla ba a ambaci mai sawa ba: *He was made to give up sugar.*

## 9. Atisaye da duba rubutu

Raba kowane shafi na littafinka gida uku: aikatau yadda ƙamus ya kawo shi, abin da ke binsa, da jimlarka ta kanka. Gida na ukun ne mai amfani. Kada ka kwafi misalin ƙamus, rubuta abin da ya shafe ka, unguwarku, sana'arka, ƙanenka da ya ƙi daina wasa da waya. Biyar a rana sun isa. Wanda ya ɗauki hamsin a zama ɗaya, zuwa jibi sun cakuɗe masa.

A JAMB tambayoyi 60 ne a Use of English, kuma cike gurbi na cikinsu. Kafin ka kalli zaɓin da aka bayar, karanta abin da ke gaban gurbin da abin da ke bayansa, ka yi gwajin suna a zuci. A insha'in WAEC, inda ake son kalmomi kusan 450, akwai makin da aka ware wa tsabtar nahawu, kuma kurakurai na cinye shi. Ka bar 'yan mintuna a ƙarshe ka bi kowace *to* da ke rubutunka. A gida kuwa, zagaye ta da jan biro ka tambaye ta: ta infinitive ce, ta suna ce, ko ta dalili?

Gwada waɗannan kafin ka duba amsa. Aikatau ɗin da za ka gyara yana ƙarshen kowane layi.

1. The rumour turned out ___ false. *be*
2. After the greetings, the chairman went on ___ the budget. *present*
3. I never got round to ___ her letter. *answer*
4. The imam called on parents ___ their children to school. *send*
5. We missed the bus and ended up ___ home. *walk*
6. Despite the rain, the boys went on ___ football. *play*
7. She came in ___ off the fan. *turn*

Amsoshi: 1 *to be*, 2 *to present*, 3 *answering*, 4 *to send*, 5 *walking*, 6 *playing*, 7 *to turn*.

Idan ka faɗi ta 3, koma mataki na 3 ka sa *it* a gurbin: *I never got round to it.* Idan ta 2 ko ta 6 ce, dubi kalmomin farkon jimlar. *After the greetings* na nuna an gama gaisuwa an shiga sabon abu. *Despite the rain* na nuna ƙwallon da ake bugawa tun kafin ruwa ya sauko ita ake ci gaba da bugawa.